Tambaya da Amsa: Faifan Baba mai farin bango

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Muna kintsa kayan marigayi mahaifinmu a gidanmu na Gangare sai na ci karo da wani faifan garmaho mai farin bango, da fuskar wani mutum ya sha kwalli, an rubuta Dare, The Human League. Na nemo waƙoƙin a waya, amma ni dai kiɗan fiyano na ji irin na finafinanmu. Me Baba ya gani a ciki har ya adana shi shekara da shekaru? Daga wata ɗaliba, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kunnenki bai yaudare ki ba, kiɗan fiyano ne, sai dai da kakansa kika yi kiciɓis.

Dare kalmar Turanci ce, sunan faifan ke nan, The Human League kuma sunan ƙungiyar mawaƙan. Faifan ya fito a watan Oktoba na 1981, daga wasu matasan Shefil, garin maƙeran ƙarfe a arewacin Ingila. Mai kwallin nan shi ne Philip Oakey, jagoransu. A 1980 abokansa biyu da suka kafa ƙungiyar suka yi gaba suka bar shi, ga alkawarin wasanni a wuyansa. Sai ya shiga wani gidan rawa a garin ya hango 'yan mata biyu 'yan makaranta, Susan Sulley da Joanne Catherall, ya ɗauke su amshi. Ba su taɓa waƙar sana'a ba. Riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Gangar da kike ji kuwa ba hannu ke dukanta ba. Na'ura ce mai suna Linn LM-1, wadda aka ɗauki sautin gangar gaske aka zuba mata, kuma Martin Rushent, wanda ya tsara faifan, shi ya riƙa shigar da kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Yau yaro zai yi wannan a situdiyo kafin shayi ya huce. A lokacin kuwa aikin jan hali ne.

Na fara jinsa ne a shagon wani mai gyaran rediyo kusa da kasuwar Taminus ta Jos, da sanyin Disamba, hannuna cikin aljihu. Wani dattijo da ya kawo rediyonsa ya tsaya ya saurara, ya yi tsaki, ya ce wannan ai injin niƙa ne ke waƙa. Muka yi dariya, amma na daɗe ina juya maganarsa. Mu da muka tashi da kalangun Shata mun saba makaɗi ya bi bakin mawaƙi, ya jira shi, ya ja idan ya ja. A faifan Dare an juya abin: inji ba ya jiran kowa, mutum ne ke bin sa. To a nan daɗin yake. Muryar Oakey mai kauri, ga muryoyin 'yan matan nan marasa horo, kamar na ƙannenki suna wanke-wanke, duk a kan kiɗan da ba ya kuskure ko na ƙiftawar ido.

Ki ajiye lasifikar waya, ba ta fitar da kaurin sauti. Ki sa abin kunne, ki bi waƙoƙin goma a jere yadda aka tsara su, biyar a kowace fuska. Ki tsaya a kan Seconds, wadda ke magana a kan kisan Shugaba Kennedy na Amurka, ki ji yadda gangar ke tafiya ba tausayi. Ta ƙarshe, Don't You Want Me, cacar baki ce: namiji na gorin shi ya ɗaga mace, ita kuma ta mayar masa cewa ko ba shi za ta kai. Wace 'yar Hausa ce ba ta san wannan gorin ba? Oakey bai so waƙar ba, shi ya sa ya tura ta ƙarshen faifai, sai ga shi ita ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a ƙarshen 1981, a Amurka kuma a 1982.

Ba zan ce miki duka goman zuma ba ne. I Am the Law har yau tsallake ta nake yi. In kuma kika ji kunnenki ya saba, ki nemi kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda shi ma tun wajen 1978 yake sa fiyano magana.

Faifan kuma kada ki kwantar da shi ƙarƙashin kaya, ki jingine shi a tsaye, nesa da rana, don zafi na lanƙwasa shi. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi. Sannan ki duba bangon da kyau, mutanen zamaninmu mun cika rubuta suna da ranar saye da biro.