Tambaya da Amsa: Shin da gaske lantarki na raba ruwa da ɗanyen mai?

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo a wayata ana cewa da wutar lantarki ake cire ruwa daga ɗanyen mai a matatu. Ni a sanina ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Gaskiya ne kuwa?

Amsa: Gaskiya ne, kuma dabarar ta haura shekara ɗari. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Frederick Cottrell, shi ya yi mata rajista a 1911.

Ɗanyen mai yakan fito daga rijiya cakuɗe da ruwan gishiri. Ruwan ya tarwatse ne ƙanana-ƙananan ɗigo a cikin man, kowane ɗigo kuma wata 'yar siririyar fata ta sinadaran man ta lulluɓe shi, ta hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Ko an ajiye shi kwana da kwanaki, ba duka zai kwanta ba. In kuwa aka bar gishirin ya shiga matata, da zafi ya kama shi sai ya haifar da asid mai cinye bututu.

To ga inda lantarki ya shigo. Ana dumama man, a tura shi cikin ƙaton tanki mai faranten ƙarfe a jere, a ba su wuta mai dubban volt. Mai ba ya ɗaukar wuta sosai, ruwan gishiri kuwa yana ɗauka. Sai cajin kowane ɗigo ya rabu biyu, gefe ɗaya fozitib, ɗaya negetib. Ɗigon ya miƙe ya yi tsawo, gefen wannan ya jawo kishiyar gefen na kusa da shi, su yi karo, fatar ta fashe, su zama ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin: idan faɗin ɗigo ya ninka biyu, saurin nutsewarsa ninki huɗu yake yi. Nan da nan ruwa ya taru a ƙasa a zuƙe shi, mai ya fice ta sama.

Tsoronka ma yana da tushe. Ruwa in ya yi yawa a cikin man, ɗigon sukan jeru su haɗa farantan, wuta ta yi shot. In kuma ƙarfin wutar ya wuce kima, maimakon haɗewa sai ɗigon su ƙara farfashewa. Shi ya sa injiniyoyi ke daidaita wutar da kyau, su kuma ƙara sinadarin da ke sassauta waccan fatar.

Don Allah kada kowa ya gwada wannan a gida. Wutar tana kisa, mai kuma ba ya jinkirin kamawa.