Ƙafafun maigidana sun kumbura, an ce albumin ɗinsa ya yi ƙasa

Tambaya: Salamu alaikum likita. Maigidana ƙafafunsa sun kumbura, ciki ma ya fara tashi, mun yi analiz aka ce albumin ɗinsa ya yi ƙasa. Dangi sun ce in dinga ba shi ƙwai da kilishi zai hau. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Albumin furotin ne da hanta ke haɗawa, kamar giram 10 zuwa 15 kullum, ta zuba cikin jini, kuma shi ne ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi. Mai lafiya yana da giram 35 zuwa 50 a lita ɗaya, in ya faɗi sosai sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafa da ciki, abin da kike gani ke nan.

To dangi ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, hanta da abinci take aiki, shi ya sa yaro mai tamowa ke kumbura. Amma ba abinci kaɗai ke juya ta ba. Insulin da hormon ɗin maƙoshi suna ƙara mata ƙaimi, in kuma akwai ƙwayar cuta a jiki sai ta rage albumin da gangan ta koma yin wasu furotin na daban, irin su wanda ake kira CRP, don yaƙi da cutar, kuma in ita kanta hantar ta ƙandare, kamar yadda hepatit B ke yi shiru shekara da shekaru (kuma wallahi yana da yawa a ƙasar nan, mutane ba sa gwaji), ko tire guda na ƙwai ya cinye ba zai hau ba. Wani kuma hantarsa ƙalau, ƙoda ce ke zubar da shi a fitsari.

Don haka ku koma wajen likita a nemo dalili: gwajin hepatit B da C, fitsari, ekografi na ciki, da TP, wato gwajin da ke auna saurin daskarewar jini. Wannan TP ɗin yana da muhimmanci don hanta ce ke yin abubuwan da ke daskarar da jini, kuma su suna saurin nuna matsala, albumin kuwa yakan yi wajen sati 3 kafin rabinsa ya ƙare.

Kilishi dai ki ajiye shi, gishiri ya yi yawa, zai ƙara kumburin. Jiƙe-jiƙen da ake kawowa ma don Allah a dakata. In kika ga ya yi aman jini, ko baƙin kashi, ko ya fara ruɗewa, ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.