Amfilifaya mai bawul da ke yawan dawowa

Jiya muna haɗa kayan aiki ka tambaye ni: "Maigida, amfilifayar nan mai bawul sau uku ke nan tana dawowa. Duk zuwa sai in sa mata sabon bawul EL34, kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, bayan wata biyu ya mutu. Bawul ɗin yanzu ne ba su da ƙarko, ko hannuna ne?" Ban amsa maka a tsaye ba, domin maganar tana son zama.

Yarona, ba hannunka ba ne, kuma da wuya a ce laifin bawul ɗin ne. Wanda aka kashe kake ta canzawa, mai kisan yana nan zaune a cikin akwatin. Gaskiya ne masana'antun da ke yin bawul yanzu ba su da yawa, akwai JJ a Sulobakiya, akwai ta Saratob a Rasha, akwai na Sin, kuma akan sami marar kyau jefi-jefi. Amma uku a jere a soket ɗaya? Wannan ba tsautsayi ba ne.

Mai ƙera amfilifaya mai araha ya san abin da ido ke so: gilashi yana haske, bodi yana ƙyalli. Nan ba ya rowa. Inda yake matse hannu shi ne inda mai saye ba ya leƙawa, kuma na farko taransifoma, don ƙarfe da jan waya su ne masu cin kuɗi. Da yawa an naɗa taransifomar wutarsu don bolt 220, sai a kai su inda bango ke ba da 230 ko 240. Lissafa da kanka: hitar bawul, wato zaren da ke ɗumama cikinsa, tana son bolt 6.3, idan 240 ta shiga sai ta koma wajen 6.9. Babbar wutar da ke zuwa faranti, wato ƙarfen cikin bawul da ke karɓar ta, ita ma ta hau. Komai na ciki yana aiki fiye da ƙarfinsa tun ranar da aka fara kunna ta.

Sai bayas, wato saitin yawan wutar da ke ratsa bawul ko ba a sa waƙa ba, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Farantin EL34 wat 25 ne iyakarsa, na EL84 wat 12. Don a samu lambar da za a rubuta a kwali, sai a ɗaure bawul a bakin iyakar nan ko a wuce ta. Gobe ɗauki mita ka auna. A ce ka sami bolt 30 a kan razistar katod, wato ƙarfen da hita ke ɗumamawa, mai om 390: raba su, ka sami kusan miliam 77. Idan faranti yana kan 400, cire 30 ɗin, saura 370, ka ninka da 0.077. Wat 28 da ɗoriya ke nan. Ko ka cire ɗan abin da sikirin, wata ragar waya ta cikin bawul, ke sha, kana bakin 25 ɗin. Kashe fitila ka dubi farantin a duhu; in ka ga ya fara ja kamar garwashi, kashe amfilifayar nan take. Wani lokaci kuma bayas ɗin daidai aka sa shi, ƙaramar kafasitar da ke tsakanin bawul na gaba da na ƙarshe ce ke yoyo, tana tura wuta kan girid, ragar da ke sarrafa wutar da ke ratsa bawul. Abu kamar ƙwayar wake, amma ita ke cinye bawul ɗaya bayan ɗaya.

Zafi shi ne ɗayan. Na taɓa buɗe wata da aka liƙa soket ɗin bawul kai tsaye a kan siririn fanel. Kewayen kowace ƙafa fanel ɗin ya yi baƙi-baƙi, dalmar ta tsage zobe-zobe, sai da na sa madubin ƙara girma na gani. Kana taɓa bawul da tsinke sai lasifika ta yi ƙarar-ƙarar. A gefe kuma an manna kafasitar tace wuta jikin razista mai zafi, kanta har ya kumbura. An rubuta mata digiri 85, alhali wurin yana neman mai 105. Irin waɗannan kafasitocin, duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanansu da kusan rabi. Idan mai kaya ya ce amfilifayar tana gurnani ko da ba a sa waƙa ba, can za ka fara dubawa.

Taransifomar fitar da sauti idan ƙarama ce, bes ya kan dagule da an ƙara murya, kuma wannan ba ya gyaruwa sai da sabuwa. Faɗa wa mai kaya gaskiya kafin ka karɓi aikin. Kada kuma ka taɓa kunna ta ba lasifika ko razistar da za ta tsaya a madadinta, domin wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya huda naɗin taransifomar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lafiyarka. Na ga waɗanda soket ɗin wutarsu ƙafa uku ne, amma wayar ƙasa ba ta haɗe da bodi ba, tana lilo a ciki. Na ga marasa razistar da ke sauke wutar kafasita, ka zare filogi ka je ka dawo, bolt 400 na nan na jiranka. Tabon da kake gani a bayan yatsana daga nan ne, ina ƙaramin yaro kamarka, kuma Allah ne ya yi da sauran kwana. Sauke wutar da razista, ba da sukundireba ba, ka tabbatar da mita, kuma idan kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya ya zauna a aljihu.

Gobe da safe kada ka buɗe kwalin sabon bawul. Fara da wayar ƙasa da fis, sannan wutar bango, hita, katod da girid. Rubuta lambobin a takarda ka kawo mini mu duba tare.