Ku Tambayi Anti: Cikina ya ɓaci bayan na ci abinci a waje, laifin gidan abincin ne?

TAMBAYA: Slm Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Ran Asabar da daddare mun je wani gidan abinci ni da ƙawayena, wuri mai kyau wlh ga sanyi ga fitilu, kafin asuba cikina ya fara murɗawa, sai amai sai gudawa. Har na rubuta fostin zan tona musu asiri a Facebook sai ƙawata ta ce in dakata don su lafiyarsu ƙalau. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙawar nan taki ta yi miki gata, ki ajiye fostin ɗin tukuna. Mutane da zarar ciki ya ɓaci sai su kama abincin ƙarshe da suka ci su ɗora masa laifi, alhali kowace ƙwayar cuta da lokacin da take ɗauka kafin ta nuna kanta. Salmonella da ake samu a kaza ko ƙwan da bai dahu ba tana ɗaukar awa 6 zuwa 72. Norovirus, wadda hannun da ba a wanke ba ke yaɗawa, awa 12 zuwa 48. Campylobacter kuwa sai ta yi kwana 2 zuwa 5 tana lamo, kin ga ke nan zai iya yiwuwa abin da kika ci tun ran Laraba a kicin ɗinki ne ya tashi, ke kina can kina tsine wa mutanen Asabar.

Amma fa ban wanke su ba. Akwai masu saurin kamu, kuma yadda kika ce amai ya fara cikin dare ɗaya ya yi kama da su. Bacillus cereus ita ce ta shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, idan aka sauke tukunya aka bar ta tana hucewa a waje awa da awanni sai ta hayayyafa ta zuba dafi a ciki, kuma dafin nan ko an sake ɗumama shinkafar har tana tururi yana nan daram, kafin awa 6 mutum ya fara amai. To abu ɗaya kuka ci da ƙawayen naki? In ke kaɗai kika ci shinkafa ko salak, lafiyarsu ba hujja ba ce. In kuwa faranti ɗaya kuka sa wa cokali ke kaɗai kika kwanta, gaskiya ki nemi mai laifi a wani wurin.

Ni dai fitilu da kujeru masu laushi ba sa ruɗa ta, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Zafi nake dubawa. Ƙwayoyin cuta tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Celsius suke jin daɗin hayayyafa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, ko dai yana kan wuta ko yana firij. Abinci ya zo miki ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, ki mayar, babu kunya a ciki. Bufe, wato inda ake jera abinci a tire kowa ya ɗiba, ya fi ko'ina wannan matsalar, a leƙa a ga ko wutar da ke ƙarƙashin tire tana ci. Nama a yanka a duba cikinsa, kaza musamman, kada a ga ja. Ƙanƙara kuma mutane na raina ta, sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, in ruwan da aka yi ta da shi ba mai tsafta ba ne to kin sha shi ke nan. Sannan ki shiga banɗakinsu ki ga akwai sabulu, in wanda aka tanadar wa kwastoma babu, ina ga na ma'aikata. Kuma abin ba wasa ba ne, a 2015 hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu.

Yanzu ki dage da ruwan gishiri da sukari, kada ki sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanki. Kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ma ya ƙi zama, ko an wuce kwana 3, sai asibiti. Ki kira manajansu ki faɗa masa abin da kika ci da lokacin, cikin mutunci. In aka samu wasu da suka ci irinsa suka kwanta, a kai wa jami'an duba tsafta, su ke da ikon shiga kicin ɗin.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Nakan zauna a gidan shan kofi bayan an tashi aiki ina ƙarasa ayyuka a kwamfuta, kofi biyu kawai nake sha amma barci sai ƙarfe biyu.

AMSA: Ƙanena ai kai ka sayi rashin barcin da kuɗinka. Kafeyin, sinadarin cikin kofi mai hana barci, na ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ka sha ƙarfe shida rabinsa na nan ƙarfe sha ɗaya. Ba ka wuce ƙima ba, babba mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a rana, lokacin ne bai yi ba. Ka mayar da shi safe, da yamma ka ce su ba ka wanda aka cire wa kafeyin, kuma baƙin shayi ma yana da nasa, kada ka ce ka gudu.

TAMBAYA: Anti an kawo min rasit na ga an ƙara kuɗin hidima, kuma mai kawo abincin ya tsaya yana kallona. Dole ne in ƙara masa wani abu?

AMSA: Ba dole ba ne 'yar'uwa, in an riga an sa kuɗin hidima a rasit abin da za ki ƙara kyauta ce. Ƙasa da ƙasa ya bambanta, a Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari don da shi ma'aikatan ke rayuwa, a Japan kuwa ba a bayarwa, sai su biyo ki da canjinki. Tun kafin ki yi oda ki duba ƙasan menu, nan suke rubuta haraji da kuɗin hidima da ƙananan baƙaƙe. In yaron ya kyautata miki kina son ki ba shi, ki tambaye shi a hankali ko kuɗin hidimar na zuwa hannunsu, in ya yi shiru ki damƙa masa a hannu.