Na sayi babur, murnata ta gudu: sammu ne?

Tambaya: Likita, ni manomin riɗi ne a wani ƙauye kusa da Taura. Damina biyu ina tara kuɗi har na sayi Boxer sabo dal. Kafin in saya, ko barci ba na iyawa saboda ɗoki. Yau sati uku, kallonsa nake kamar tsohon keke. Abokina ya ce hannu aka sa min, ya kai ni wajen wani mai magani, shi kuma ya nemi baƙin bunsuru da dubu arba'in. In biya?

Amsa: Malam, kada ka ba shi ko sisi. Babu wanda ya sace maka murna, cinye ta ka yi tun babur yana shago.

Sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin da ke tsuma mutum ya fi zuba lokacin jira. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya nuna haka a kan birai a shekarun 1990: da biri ya gane alamar zuwan lemo, ƙwaƙwalwarsa kan motsa a kan alamar, lemon ya zo ta yi shiru. A 2003 shi da abokan aikinsa suka gano motsin ya fi ƙarfi idan yiwuwar samun lemon da ta rashinsa suka zo daidai. Kai ma haka: ruwa zai kai? Riɗi zai yi kuɗi? Wannan fargabar ce gishirin. Mai sayen dilar gwanjo a ɗaure ya san daɗin nan, wani kuwa ba ya iya ɗaukarsa, sai ya ga kaya a fili.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu maganin nan. Kusan kullum sai an zo min da wanda aka tatse. Amarya ta daina ɗokin kayan ɗakinta, an ce kishiya. Yaro ya gaji da sabuwar waya, an ce iska. Boka ya san zuciya kan huce da kanta, sai ya karɓi bunsuru ya ce aikinsa ne ya ci. Mafi muni, dole ya laƙa wa wani laifin: ƙaninka, maƙwabcinka, matar wanka. Zumuncin shekara talatin ya watse a kan babur! Ku ji tsoron Allah, zato zunubi ne.

Abu ɗaya zan so ka duba. Idan har abinci, hira da gona duk sun fita ranka, barci ya lalace fiye da sati biyu, wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau. In babur ɗin ne kaɗai, dubu arba'in ɗin nan ka zuba mai da ita, ka sayi taki.