Amsa: Injin CNC sabo ɗan Sin ko tsoho ɗan Japan?

Malam, ka tambaya wane injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, ya fi dacewa da ƙaramin shagonka na sassaƙa ƙarfe. Ni dai tsohon ɗan Japan zan ce ka ɗauka, muddin kwamfutarsa ta kamfanin Fanuc ce. Kayan gyaranta ba sa wuyar samu, masu iya ta kuma sun fi yawa.

Amma duba maganar wuta kafin ka biya ko sisi. Injinan Japan da yawa bolt 200 suke sha, mu kuwa layinmu mai waya uku 415 yake bayarwa, dole sai da taransifoma mai rage ƙarfin wutar. Na ga shagon da injinsa ya yi watanni lulluɓe da leda saboda kuɗin sun ƙare kafin a saye ta. Sa kuɗinta cikin lissafinka tun yanzu, har da na janareta mai iya jan injin.