Fim Ya Ƙare, Tsoro Bai Ƙare Ba: Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 8 ya kalli fim ɗin fatalwa a wayar yayansa. Yau mako biyu ke nan ba ya shiga banɗaki shi kaɗai, da an ɗauke wuta kuma sai kuka. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba shagwaɓa yaron nan yake yi ba. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne mai gadin jiki. Da ya hango haɗari sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, gaba ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe da gumi, tun kafin hankali ya ce ai wasan kwaikwayo ne. Abin da aka gani a wannan hali shi ya fi zama a rai, kuma tsoron yakan manne wa duk abin da ke wurin: duhu, madubi, ƙarar ƙofa.

Da rana za ki zaunar da shi, ba da dare ba, ya ba ki labarin wurin da ya firgita shi, ban da dariya, ban da tsawa. Ki nuna masa bidiyon yadda ake yi wa 'yan wasa kwalliya. Jinin fim galibi ruwan sukari ne mai kauri da jar kalar abinci. Ku haɗa cokali biyu a kofi ya taɓa da yatsa.

Banɗakin kuwa sai a hankali: kwana uku kina tsaye a bakin ƙofa, kwana uku kina tsakar gida kina yi masa magana, sannan ki ba shi tocilan ya tafi da kansa. Kafin barci ku karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi tare. Inda iyaye suka fi kuskure shi ne mayar da yaro gadonsu har illa masha Allah, domin duk daren da ya guje wa duhu, ƙara yarda yake yi cewa akwai abu a ciki. Idan abin ya haura wata ɗaya, ko fitsarin kwance ya dawo, ki kai shi wurin likitan yara.

Tambaya: Me ya sa finafinan tsafi na Najeriya suka fi hana ni barci a kan na Amurka? Daga wani matashi a Idi-Araba.

Amsa: Ɗan'uwa, kusanci ne. Dodon Bature yana can cikin ƙanƙara, amma fim ɗin Living in Bondage na 1992, inda mutum ya ba da matarsa don kuɗi fatalwarta ta addabe shi, a nan Legas labarin ya faru, a irin titin da kake bi kullum, kuma tun kana yaro kake jin zancen 'yan yankan kai.

Sauran aikin na sauti ne: a yi tsit na ɗan lokaci, sai a saki ƙara kwatsam. Kashe sautin ka maimaita wurin, za ka ga kaifinsa ya dushe. Shi ya sa kallo a waya da abin sauraro a kunne, cikin duhu, ya fi kowane illa. Ka kunna fitila, ka bar aƙalla awa ɗaya tsakanin fim da barci, in kuma ƙannenka na kusa ka duba lambar shekarun da aka sa wa fim ɗin, 12, 15 ko 18, kafin ka danna.